Amsoshin Tambayoyinku: Asalin Kalmar "Kto" a Harsunan Slav

Wani mai sauraronmu daga Jekadafari a garin Gombe yana tambaya: ina asalin kalmar "kto" da Rashawa ke tambaya da ita?

To malam, kalmar daɗaɗɗiya ce. A tsohon harshen Slav na coci, wanda Cyril da Methodius suka fara rubutawa wajen shekarar 863, "kŭto" na nufin "wa", "čĭto" kuma "me". Masana sun ce tushensu ɗaya da "quis" na Latin da "who" na Ingilishi, domin duk dangin harsunan Indiya da Turai ne. Wasalin "i" ne ya mayar da "k" zuwa "č" a "čĭto", kamar yadda "t" ke komawa "c" idan mota ta zama motoci.

Ɗafin "-to" da ke ƙarshen "kto" na maƙale ne idan kalmar ce mai aikatawa. Idan aikin ya faɗa kanta sai ta koma "kogo", idan kuma dominta aka yi sai "komu". Ba ruwanta da jinsi ko jam'i, alhali Bahaushe yana bambanta wane ne, wace ce da su wane ne.

Da fatan ka gamsu.