Me Kyuba Ke Samu Daga Tura Likitocinta Waje?

Wani mai sauraronmu daga Damagaram ya aiko da tambaya: me ƙaramar ƙasa kamar Kyuba ke nema da take tura likitoci waje lokacin annoba?

To Malam, mun gode. A 2005 Fidel Castro ya kafa rundunar likitocin agajin gaggawa mai suna Henry Reeve. Da Ebola ta ɓarke a 2014, Kyuba ta tura ma'aikatan lafiya 165 zuwa Saliyo tashin farko. A watan Maris na 2020, likitoci da nas-nas 52 suka sauka Italiya, suka kama aiki a asibitin tantuna na garin Kirema, lokacin da korona ta fi ƙarfin asibitocin yankin.

Ribar iri biyu ce. Akwai farin jini: a shekaru da dama ƙasashe fiye da 180 sun kaɗa ƙuri'a a Majalisar Ɗinkin Duniya don neman Amurka ta ɗage wa Kyuba takunkumi. Akwai kuma kuɗi, domin Benezuwela ta yi shekaru tana biyan ladan aikin likitocin Kyuba da man fetur. Sai dai Amurka na zargin gwamnatin Kyuba da riƙe mafi yawan albashin likitocin.