Kada a Tsaya a Allurar Mako 14

Ya ku iyaye na cikin garin Bauchi, daga Wunti har Yalwa, akwai wani sakaci da ya yawaita a tsakaninmu, shi ne uwa ta kai jaririnta rigakafi ranar haihuwa, ta koma a mako na 6 da na 10 da na 14, sa'an nan, da ta ga yaro ya yi ɓulɓul ya fara zama, sai ta ɗauka aiki ya ƙare, alhali kuwa allurar ƙyanda da ta shawara ba a yin su sai ya cika wata 9, ta ƙyanda ta biyu kuma a wata 15. Ƙyanda kuwa takan makantar, takan kashe. Annobar mashaƙo ta 2023, wadda ta addabi Kano da Yobe har ta taɓa jiharmu, galibin waɗanda ta kama yara ne da ba a cika musu allura ba.

Saboda haka a adana katin rigakafin yaro cikin leda, a sa shi a ƙasan akwati inda ruwa da gara ba za su kai ba, maigida kuma ya riƙa duba ranar komawa da kansa, domin amana ce a wuyansa, kuma kyauta ake yin rigakafin a asibitocin gwamnati. Bayan allura, in cinyar yaro ta ɗan kumbura, ko jikinsa ya yi ɗumi kwana ɗaya ko biyu, wannan ba abin firgita ba ne. A ci gaba da ba shi nono, in zazzaɓin ya tsananta a koma wa ma'aikaciyar lafiya. Wanda kuma ranarsa ta wuce, ko da wata nawa ne, a kai shi, za a ɗora daga inda aka tsaya.