Darasi: Kan Sarki, da Surar da ke Bisansa

A karanta Matta 22:15-22, da Farawa 1:26-27.

Wanda za ya aika wasiƙa daga Kafanchan ko Kagoro yakan nemi kan sarki, gama a zamanin Turawa kan Sarkin Ingila ake bugawa a kai. Waɗansu ƙasashe kuwa sun buga labarin wani Sarki dabam. Hungari ta fitar da na haihuwar Almasihu a 1943. Ingila ba ta yi na Kirsimati ba sai 1966. Ba mu ga laifin masu tara irinsu ba, muddin ba su maishe su laya ba.

Ubangiji ya tambayi surar da ke bisa dinari, aka ce ta Kaisar ce. Ku yi shawara tare: mu fa, surar wane ne ke bisanmu? Me za mu biya masa?