Ina Makomar Dukiyar Da Aka Ƙwato Daga Hannun Azzalumai?

 Darasinmu na wannan mako shi ne hukuncin dukiyar da hukuma ta ƙwato daga hannun gungun miyagu.

Malaman fiƙihu sun bayyana cewa abin da aka samu ta hanyar ƙwace, ko fashi, ko rashawa, ba ya zama halaliyar wanda ya same shi, kome daɗewarsa a hannunsa. Saboda haka karɓe shi ba zalunci ba ne, muddin alƙali ya tabbatar da hujja, gama ba a cin dukiyar mutum da zato. In an san mai dukiyar, sai a mayar masa, ko a ba magadansa. In ba a san shi ba, sai a sanya ta cikin maslahar jama'a. Halifa Umaru ɗan Abdul'azizu, da ya hau mulki a shekara ta 99 bayan Hijira, da kansa ya fara. Ya mayar da abin da ke hannunsa baitulmali, sa'an nan ya juya kan danginsa Banu Umayya.

To, bari mu duba wani misali daga ƙasar Italiya, inda ƙungiyar Mafiya ta daɗe tana gallaza wa mutanen tsibirin Sisiliya. Wani ɗan majalisa, Pio La Torre, ya lura cewa ɗauri kawai ba ya karya su, sai an taɓa dukiyarsu. Ya kawo shawarar a yi doka, sai suka kashe shi a birnin Palermo cikin Afrilu 1982. Cikin Satumba na shekarar aka zartar da dokar.

Amma ƙwatowa rabin aiki ne. Gidaje da gonaki da yawa suka zauna a yashe. A 1995 wani limamin Kirista, Luigi Ciotti, ya kafa ƙungiyar Libera, ta tara sa hannun mutum wajen miliyan ɗaya, har aka yi doka a 1996 cewa a ba jama'a amfanin dukiyar. Tun daga 2001 matasa suka shiga noman alkama a gonakin da aka karɓe a yankin Corleone. Talakan da jiya yake tsoron ko duban gonar, yau ga ɗansa yana ci daga gare ta. Da irin wannan ne zuciya ke natsuwa da hukuma.

Sai dai kuma a 2015 aka fara binciken alƙaliyar da ke shugabantar sashen kula da irin wannan dukiya a kotun Palermo, bisa zargin tana danƙa wa na kusa da ita riƙon dukiyar don su saka mata. A 2020 kotu ta same ta da laifi. An ba kura ajiyar nama ke nan.

Shari'a ba ta bar wannan ƙofa a buɗe ba. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Annabi (SAW) ya aika karɓar zakka, ya komo ya ware wani kaso wai kyauta aka yi masa. Annabi ya hau mumbari ya yi hani mai tsanani a gaban jama'a. Ashe mai riƙon dukiyar al'umma shi ma abin bincike ne.

Nijeriya ma ta yi dokar ƙwato dukiyar laifi da kula da ita a 2022. Abin da za mu riƙe uku ne: a karɓa da hujja, a tsare da amana, a sanar da jama'a inda kowane kwabo ya shiga. In aka rasa ɗaya, talaka zai ce ɓarawo kawai aka sauya, kuma ba zai ƙara ba da shaida ba.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya tsare mu daga cin haram, amin.