Tafintan Kwamfuta

A kasuwar Kamba, in Bazabarme da Bahaushe suka haɗu wajen ciniki, kowa bai jin harshen ɗan'uwansa, sai a nemo tafinta. To, 'yan'uwana ɗalibai, kwamfuta ma tana da nata tafintan, sunansa direba, amma ba na mota ba.

A zangon da ya wuce aka kawo sabuwar firinta makarantarmu a nan Argungu, don a buga mana tambayoyin gwajin jarrabawar JAMB. Muka jona waya, fitila ta kama, amma ko falle ɗaya bai fito ba. Muka ce ta lalace. Malam ya yi murmushi, ya ce lafiyarta lau, tafinta ne babu.

Ga yadda abin yake. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kamar Windows ko Linux, ba ta san harshen kowace na'ura ba. Da an jona na'ura ta kafar USB, sai ta faɗi lambar kamfaninta da tata lambar. Manhajar ta duba taskarta, in ta sami direban da ya dace, ta ɗora shi nan take, ba sai an kashe kwamfuta ba. In babu, sai alama mai ruwan ɗorawa ta bayyana a Device Manager. A Linux kuwa, da umurnin modprobe ake ɗora shi.

Ɗorawa daban, saiti daban. Da Malam ya sa direban, sai ƙasan takardu ya riƙa yankewa, domin an saita shi kan girman takardar Amurka, mu kuwa A4 muke amfani da ita. Da aka gyara, sai aiki ya tafi sumul.

Amma fa a yi hattara. Direba a tsakar zuciyar manhaja yake aiki, in ya yi tuntuɓe, kwamfutar duka ta faɗi. Ran 19 ga Yuli, 2024, kuskure a fayil ɗin da direban kamfanin CrowdStrike ke karantawa ya tsayar da kwamfutoci wajen miliyan takwas da rabi, har jiragen sama da yawa suka kasa tashi.

Saboda haka kada mu ɗauko direba ko'ina sai wurin kamfanin da ya ƙera na'urar. Iyayenmu kuma, kafin ku yar da firinta, ku tambaya ko tafinta ta rasa. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.