In Mota Ta Ƙi Tashi, A Duba Wuta Kafin A Sayi Famfon Mai

'Yan'uwa manoma na ƙungiyoyin gama kai a ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, darasinmu na wannan wata a kan famfon mai ne. Wasu ƙungiyoyi suna da motar ɗaukar kaya, wasu kuwa haya suke yi, domin kai masara da waken suya kasuwar Sheme ko Dandume ko Funtuwa. Ranar da aka murza makulli, inji yana juyawa amma ba ya kamawa, maganar farko da akan ji ita ce, "Famfo ya mutu." Sai a taɓa asusu a sayo sabo. Sau da yawa kuwa famfon lafiyarsa lau, wuta ce ba ta kai gare shi.

Ba kowane inji ke da irin wannan famfo ba. Ƙaramin injin ban-ruwa na fadama ba shi da shi, gama tankinsa yana sama, mai yana gangarowa da kansa. Ƙananan injunan kwale-kwale, irin na Yawuri, numfashin injin ne ke motsa famfonsu. Amma yawancin motocin fetur na yanzu, da manyan injunan jirgin ruwa, famfonsu da wutar batir yake aiki, a mota kuma cikin tanki yake zaune.

Mu fara da kunne. Mutum ɗaya ya tsaya kusa da tanki, ɗaya ya murza makulli har fitilun gaban direba su kama, ba tare da ya tayar da inji ba. Famfo mai lafiya yakan yi ɗan gunji kamar na ƙudan zuma na daƙiƙa 2 ko 3, sa'an nan ya yi shiru. In an ji haka, wuta tana zuwa, sai a nemi matsalar a matatar mai ko filogi.

In ba a ji kome ba, mu bi wutar daga tushenta. A duba kawunan batir. In akwai farin gari a kansu ko sun yi sako-sako, a kankare a ɗaure. Batir mai cike yakan nuna bolt 12.6 a mita. Daga nan sai fiyus. Murfin akwatinsu yakan nuna wanne ne na famfo. A zare shi a ɗaga wa haske, in zaren ciki ya tsinke a sa wani mai lamba iri ɗaya, 15 a gurbin 15.

A nan ne mutanenmu suka fi yin ɓarna. Fiyus ya ƙone, sai a naɗa masa waya ko takardar kwalin taba, mota ta tashi, kowa ya ce direba gwani ne. Fiyus mai gadi ne, yana ƙonewa domin kada waya ta ƙone, wayar nan kuwa har tankin fetur take zuwa. In sabon fiyus ya ƙone nan take, to wata waya ta saɓule tana taɓa ƙarfe, ko famfon ya cije yana jan wuta fiye da kima. Motar da ke kwana kusa da sito, a fara zargin ɓeraye.

Bayan fiyus akwai rile, ɗan akwati baƙi da ke yin "ƙas" in an murza makulli. In akwai wani mai lamba iri ɗaya a gefensa, a musanya su a gwada.

Abu na ƙarshe, a sami ƙaramin kwan fitilar mota da waya biyu. A cire soket na famfo, a haɗa wayoyin da bakinsa. Mu lura da kyau: wutar ba ta zama, sai wani yana murza makulli a daidai lokacin. Da yawa sun auna su kaɗai, ba su ga wuta ba, suka yi ta farke wayarin a banza. In kwan bai kama ba, a duba wayar da ke ɗaure da jikin mota, tsatsa takan cinye wurin. In ya kama da haske sosai, famfo kuma shiru, yanzu ne laifi ya tabbata a kansa. Kada a yi wannan aiki kusa da taba ko aci-balbal, sai da tocila.

Hanyoyinmu a yanzu ba na tsayawa da yamma ba ne. In famfo ya cije a daji, a bubbuga ƙasan tanki da tafin hannu ana murza makulli. Wani lokaci yakan tashi ya kai mu gari, amma sai an canja shi.

Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu 2023, direbobi da yawa ɗan mai kaɗan suke zubawa. Man da ke tanki shi ke sanyaya famfo, saboda haka tafiya kullum da tanki kusan wayam tana rage masa kwana. Man bumburutu kuma a tace shi da ƙyalle mai tsabta.

A taronku na gaba, direba ya buɗe akwatin fiyus ya nuna wa membobi biyu na famfo da rilensa. Ma'aji kuma ya sayi fiyus uku da rile ɗaya a ajiye cikin mota.