Kada Aji Ya Ɗauko Agogonsa da Kansa

Sau uku cikin wata guda matasa masu rubuta manhaja suka kawo mini aikinsu da magana iri ɗaya: "Malam, wannan kod ɗin ba ya gwaduwa, sai an sake shi a ga abin da zai faru." Wasu har cewa suke yi wai gwaji aikin manyan kamfanoni ne. Maganar nan ta ishe ni. JUnit kyauta ne, tun 1997 Kent Beck da Erich Gamma suka rubuta shi. Ba kuɗi ne ya hana ku ba, ginin kuka ɗora a karkace.

Na ƙarshensu aji (class) ya rubuta mai lissafa tarar wanda ya makara wajen biya. Ina buɗewa sai ga LocalDate.now() a tsakiyar lissafin, can ƙasa kuma ajin da kansa yake buɗe rumbun bayanai. Na ce, "To, nuna mini abin da zai yi ranar 29 ga Fabrairu." Ya yi shiru yana kallon allo. Ba shi da hanya, sai dai ya murɗa agogon kwamfutarsa ko ya jira 2028.

Kada ka ɗauki wannan wasa. Ranar 31 ga Disamba 2008 na'urorin Zune masu gigabait 30 na Microsoft suka sandare, domin lissafinsu bai san rana ta 366 ba. Ranar 29 ga Fabrairu 2012 kuma Azure ya durƙushe, nan ma kwanan wata ne sanadi.

Maganin ba wuya. Duk abin da ajinka ke dogaro da shi daga waje, agogo ne, rumbun bayanai ne, intanet ne, a miƙa masa tun lokacin gina shi. Kada ya je ya ɗauko da kansa. Na maimaita: kada ya ɗauko da kansa, ko da layi ɗaya ne kake ganin ba komai. Tun Java 8, a 2014, akwai Clock. Miƙa shi ga ajin, wajen gwaji ka tsayar da shi a ranar da ka ga dama da Clock.fixed. Rumbun kuma ka sa na bogi a madadinsa.

Laifin ba naku ba ne ku kaɗai. Ana shafe zango guda ana koyar da gadon aji daga aji, ɗalibi ya fita bai taɓa rubuta gwaji ko ɗaya ba. Malamai, ku daina karɓar aikin da ya zo babu gwajinsa.

Yaron nan mai lissafin tara ya gyara nasa kafin la'asar. Gwajin farko ya nuna masa yana cin mutane tarar kwana ɗaya fiye da ƙa'ida.